Dattijo da ɗan sahu a layi ɗaya: Wa zai kauce wa wani a unguwannin Dutse?

Dutse ba ta da unguwar da aka ware wa 'yan fansho, kuma dama ba al'adarmu ba ce a raba tsoho da 'ya'yansa da jikokinsa. Sai dai shekaru sun samar mata da irin waɗannan unguwanni ba tare da wani ya zauna ya tsara ba.

A ranar 27 ga Agustan 1991 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwaso daga Kano, galibinsu samari da magidanta masu ƙananan yara. Su da waɗanda suka biyo bayansu ne suka cika unguwanni irin su Takur da Gida Dubu da Fatara da Danmasara. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Ke nan wanda aka ɗauka aiki a shekarar da aka ƙirƙiri jihar, a 2026 wa'adinsa ke cika. Waɗanda suka zo da shekarunsu na aiki daga Kano kuwa sun daɗe da komawa gida.

Rayuwar ɗan fansho rayuwar ƙafa ce. Masallaci sau biyar a rana, majalisar ƙofar gida, kemis, shagon unguwa, jana'iza, ɗaurin aure, ga kuma zagayen safe da likita ya ɗora masa saboda hawan jini ko ciwon suga. Hajiya ma haka: islamiyyar matan aure, barka, gaisuwar mutuwa, raka jika makaranta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motoci da dama a irin waɗannan gidaje sun koma zaman rumfa, ba a tayar da su sai tafiya ta kama dole.

Layin da dattijon yake bi kuwa shi ne layin da ɗan sahu yake bi, da ɗan acaɓa, da yaron da aka aika cefane a kan babur ɗin babansa, da mai kurar ruwa. Ba a raba wa kowa nasa ba. Idan an yi kwalta, daga bakin kwata zuwa bakin kwata ne. Ɗan abin da ya rage a gefe, wani ya zuba yashi da bulo, wani ya kafa rumfar caji, wani ya ajiye mota. Mai tafiya a ƙafa ba shi da zaɓi sai ya hau kwalta.

Idan ana maganar haɗarin hanya a Jigawa, hankali yana tafiya ne kan tirela da tanka da motocin haya a manyan hanyoyi, kuma da dalili. Amma abin da ya fi kusa da ƙugun dattijo a kullum ba tirela ba ce. Ƙaramin abin hawa ne da kowa yake raina wa, a layin da bai fi taku ɗari biyu da ƙofar gidansa ba.

Abin hawan da ba a ɗauka da nauyi

Keke mai ƙafa uku ya shigo Najeriya ne a matsayin rufin asiri. A Legas ana ce masa Keke Marwa, saboda a zamanin mulkin Buba Marwa a ƙarshen shekarun 1990 ya bazu. Gwamnatin Obasanjo ta raba shi ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na NAPEP, daga nan ya samu sunan Keke Napep. A Kano kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi don sufurin mata ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan shirin ya bi keken har yau. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai adaidaita ya zama sarkin titi a can, kasuwarsa kuma ta buɗe a maƙwabta.

Galibin waɗanda ke yawo a Dutse ƙirar Indiya ne, na kamfanonin Bajaj da TVS. Ko babu kowa a ciki, nauyin guda ya haura kilo 300. Sa direba da fasinja uku a baya, da wanda aka ɗosana a gefen direba, da buhu ɗaya ko biyu, ka ga an doshi kilo 700. Kuma yana iya gudun da ya wuce kilomita 50 a awa. Wannan ne abin da ake cewa “ai ɗan sahu ne kawai ya goge shi.”

Raina ƙaramin abin hawa ba a kanmu aka fara ba. Misalin da ya fi kama da namu yana wani wuri da ba za a yi zato ba.

Garin tsofaffi a Amurka

A Amurka akwai garuruwa sukutum da aka gina don waɗanda suka yi ritaya. Sun City da ke Jihar Arizona ta buɗe a ranar 1 ga Janairun 1960. Wanda ya fi shahara a yau shi ne The Villages a Jihar Fulorida, inda aka tsara gidajen don masu shekara 55 zuwa sama, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan dubu 79 a tsakiyar garin kaɗai.

Abin hawan mutanen wannan gari shi ne 'yar ƙaramar motar nan mara ƙofa da ake yawo da ita a filin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Mutanen Dutse ba baƙin wasan ba ne, tunda marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya bar wa garin filin golf. Wanda ya je Umara a 'yan shekarun nan ma ya ga irin motar a Harami, ana ɗaukar tsofaffi da masu lalura. A The Villages da ita ake zuwa kasuwa da asibiti da wurin ibada. Dubun-dubatarsu ne, kuma an yi musu hanyoyi na musamman masu tsawon sama da kilomita 150, har da ramukan wucewa ta ƙarƙashin manyan tituna.

Matsalar ita ce waɗannan hanyoyi ba na motocin golf kaɗai ba ne. Masu tafiya a ƙafa da masu keke duk nan suke bi. Tsoho yana tuƙi, tsoho yana tafiya, hanya ɗaya. A dokar Fulorida, motar golf ita ce wadda gudunta bai wuce mil 20 a awa ba, wato kimanin kilomita 32. Idan ta wuce haka ta shiga wani aji da ke buƙatar rajista da inshora da lasisi. Duk da haka akwai masu kai ta wurin makanike a ƙara mata gudu, kamar dai yadda namu suke yi wa babur. Kuma shekara da shekaru jihar tana barin ɗan shekara 14 ya tuƙa ta a titi ba tare da wata takarda ba. Sai a watan Oktoban 2023 sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba sai yana da lasisi ko takardar koyon tuƙi.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da ke da kuɗin haƙa rami a ƙarƙashin titi ma sun daɗe suna kallon abin a matsayin kayan wasa, har sai da raunuka suka sa aka sake tunani. Su kuma nasu an ƙayyade masa gudu tun daga masana'anta. Namu ya ninka nasu gudu, kuma ba shawagin nishaɗi yake yi ba, neman abinci yake yi.

A Makka kuwa hukumar Harami ba ta tsaya wa'azin a yi hattara ba. Motocin da ke ɗaukar masu ɗawafi an ware musu wurinsu a sama, ba a cusa su cikin masu zagaya Ka'aba da ƙafa ba.

Lissafin daƙiƙa tara

Akwai wani lissafi da duk mai tsoho a gida ya kamata ya sani.

Injiniyoyi a ƙasashe da dama suna tsara lokacin tsallaka titi ne bisa zaton cewa mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa guda. A 2012 masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan suka auna tafiyar mutanen Ingila masu shekara 65 zuwa sama, suka samu kashi 76 cikin 100 na maza da kashi 85 cikin 100 na mata ba sa kai wannan sauri. Matsakaicin saurin matan bai wuce mita 0.8 a daƙiƙa ba. Wannan a kan shimfiɗaɗɗen wuri ke nan, ba yashi, ba kwata, ba babbar riga, ba silifas.

To ɗauki titi mai faɗin mita 7. Mai irin wannan tafiya yana buƙatar kusan daƙiƙa tara kafin ya tsallaka. A cikin daƙiƙa taran nan, adaidaitan da ke gudun kilomita 40 a awa ya ci mita 100, tsawon filin ƙwallo guda. Wato keken da Baba ya hango can nesa ya ce “ai da saura,” tare za su isa tsakiyar titi. A manyan titunan Dutse masu hannu biyu, irin su Sani Abacha da Ibrahim Aliyu, sau biyu zai yi wannan caca kafin ya kai ɗaya gefen.

Sai batun birki. Mota mai lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta, idan tana gudun kilomita 30, tana buƙatar kimanin mita 13 daga lokacin da direba ya ga mutum zuwa lokacin da za ta tsaya cak. A gudun kilomita 50 kuwa sai ta ci kusan mita 27. Ƙarin kilomita 20 ya ninka nisan. Adaidaita mai ƙafa ɗaya a gaba, da tayoyin da suka suɗe, a kan kwaltar da iska ta lulluɓe da yashi, ba zai yi abin da ya fi haka ba. Idan ya ce zai kauce da ƙarfi kuma, ya kife da fasinjojinsa.

Jikin da za a buga ma ba ɗaya ba ne. Wani bincike da gidauniyar AAA ta Amurka ta fitar a 2011 ya nuna cewa haɗarin mutuwa ko mummunan rauni ga ɗan shekara 70 da mota ta buge a gudun kilomita 40 daidai yake da na ɗan shekara 30 da aka buge a gudun kilomita 56. Bugun da saurayi zai tashi ya kaɗe rigarsa ya yi masifa, shi ne zai kwantar da dattijo.

Ga ido ga kunne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama ba sa gani, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Waɗanda ganinsu ya ragu bai kai ga makanta ba sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Mai yanar ido, idan fitila ta haske shi da dare, komai ya ɓace masa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da matsalar ji mai tsanani. Direba yana danna hon yana ganin ya sauke nauyi, alhali wanda ake yi wa bai ji ba. Wanda ya ji ma, wani lokacin firgita yake ya yi tsalle ta inda bai kamata ba.

Yanzu haɗa wannan da lokutan fitar dattijo. Asuba, gari bai waye ba. Magariba, lokacin da ido ke rikicewa kuma kowa ke sauri. Isha'i, duhu ya gama sauka. Uku daga cikin biyar ke nan. A watannin hunturu ga hazo, ga rawani ko hular sanyi an rufe kunne. Baburan da ke yawo babu fitila, ko da fitilar waya a baki, duk mazaunin Dutse ya gan su.

“Tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba”

Yadda irin wannan haɗari ke ƙarewa sananne ne. Jama'a su taru, direba ya durƙusa yana “Baba, don Allah a yi haƙuri,” a ɗaga Baba a zaunar. Shi kuma don dattako ya ce babu komai, tsautsayi ne. A sallami yaro. Da dare ƙugu ya kumbura, da safe ƙafa ta ƙi taka ƙasa.

Daga nan sai muhawara ta tashi a gida: Babban Asibitin Dutse, ko Rasheed Shekoni, ko mai ɗori? Sau da yawa kuɗi ne ke yanke hukunci. Masu ɗori suna da gurbinsu a al'umma, amma karayar ƙugu ba irin ta hannu ko ƙauri ba ce. Ƙashin yana can ciki, ba ya ɗauruwa da kara da tsumma, kuma galibi aiki yake buƙata cikin gaggawa. Likitocin ƙashi a duniya sun daɗe da sanin cewa cikin tsofaffin da suka karye a ƙugu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya cika shekara guda a raye. Ba karayar ce ke kisa kai tsaye ba, kwanciyar ce: ciwon haƙarƙari, gyambon kwanciya, daskarewar jini a jijiya. Bayan wata huɗu a yi jana'iza, a ce ya rasu bayan doguwar jinya. Babu wanda zai ambaci adaidaita.

Haka buguwar kai. Tsoho zai iya faɗuwa ya tashi garau, jini yana tsattsafa a cikin ƙoƙon kai a hankali, sai bayan kwanaki ko makonni a ga ya fara rikicewa, ko barci ya yi yawa, ko gefe ɗaya ya saki. A ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki. Duk dattijon da kansa ya bugu, musamman mai shan maganin tsinka jini, asibiti ya kamata ya kwana, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Yafiya halin kirki ce, ba mai jayayya. Amma tana da wani sakamako da ba a lura da shi: abin da ba a kai rahotonsa ba, a wurin hukuma bai faru ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗarin hanya a Najeriya a 2024. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ya haura mutum dubu 35 a shekara. A cikin wannan wagegen giɓi ne irin su Baba suke. Injiniyan da zai yanke shawarar inda za a kashe kuɗin gyaran titi yana duba inda aka rubuta an yi haɗari ne, layin masallacin unguwa kuwa fes yake a takarda.

Ana iya yafe wa yaro a kuma sanar da mai unguwa da FRSC, wadda ke da lambar gaggawa ta 122. Biyun ba sa karo da juna. Akwai ma haƙƙin da iyalai da yawa ba su san da shi ba: inshorar dole da doka ta ɗora wa duk abin hawa, har da adaidaita da babur, an yi ta ne don wanda aka buge. Tun Janairun 2023 kuɗinta naira 5,000 ne a shekara ga mai ƙafa uku, naira 3,000 ga babur. Idan takardar ta gaskiya ce, kamfanin inshora ne ya kamata ya ɗauki nauyin jinya, ba karo-karon 'ya'ya ba.

Shi ma direban yana da nasa

Zai zama rashin adalci a jibga komai a kan 'yan sahu. Mafi yawansu ba su ne masu keken ba. Ko dai akwai balas da za a kai wa mai shi kowace yamma, ko kuma an karɓa ne bashi ana biya mako-mako a kan farashin da ya zarce na kasuwa. Kafin ya samu na cefane sai ya haɗa kuɗin mai, da balas, da tikitin ƙungiya. Duk fasinjan da ya hango a gaba, idan bai riga ba wani zai riga shi. Tsarin da kansa yana biyan mai sauri ne, yana hukunta mai natsuwa.

Kuma idonsa ba a kan hanya yake ba, a gefen hanya yake, yana farautar mai ɗaga hannu. Shi ya sa yake yanko wa gefe ba sigina, daidai inda mai tafiya a ƙafa ya raɓe.

Wanda ba shi da uzuri shi ne uban da ke miƙa wa ɗan shekara 13 makullin babur. Doka ta ce sai shekara 18 ake samun lasisi. A cikin unguwa kuwa, inda ba jami'in da ke shiga, yara ne ke koyon tuƙi da yamma, daidai lokacin da kakanninsu ke fitowa Magariba. A nan ba talauci ba ne, ba balas ba ne. Gidajen masu hali ne ma suka fi yi.

Wajen birni

Da an fita Dutse lamarin ya sake kama. A Shuwarin da Kiyawa, babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ce ta ratsa, wadda aka mayar mai hannu biyu. A Jahun da Birnin Kudu da ƙauyukan da ke tsakani ma, titi ne ya raba gari biyu: gida a nan, masallaci ko kasuwa ko gona a can. Ranar kasuwa gefen titi yakan cika da 'yan tebur da buhuna da dabbobi da baburan da ke jiran fasinja, mai ƙafa ya koma tsakiya. Tsohuwar da ta kawo kaji ko ɗan wake ta sayar, ita ce za ta ratsa tsakanin babur da adaidaita da amalanken shanu, ga kuma motar da ta taso daga Wudil ba ta da niyyar rage gudu.

Wannan hoton Afirka ne baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nahiyar tana da kimanin kashi 3 cikin 100 na ababen hawan duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu mutuwa a hanya a nan suke.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

A watan Fabrairun 2020 ministoci daga ƙasashen duniya suka haɗu a Stockholm, babban birnin Suwidin, suka amince cewa duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. Sifaniya ta mayar da hakan doka a watan Mayun 2021, ta kuma ƙara da cewa titin da ba a ɗaga wa masu ƙafa nasu gefen ba, inda kowa ke kan shimfiɗa ɗaya, iyakarsa kilomita 20. Wannan siffa ta biyun ita ce siffar kusan kowane layi a Gida Dubu da Takur da Yalwawa. A ƙa'idar hanya ta Najeriya kuwa, iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce, ba a bambanta babban titi da layin da yara ke wasan langa ba.

Allo kaɗai ba ya rage gudu, wannan kowa ya sani. Abin da ke rage shi shi ne titin da kansa. A Ghana, da aka sa kunyoyin rage gudu a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, haɗurra sun ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 55, tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001.

Mutanen unguwa sun riga hukuma gane wannan, shi ya sa ake wayar gari a ga an tara ƙasa ko an jera duwatsu ko an shimfiɗa tsohuwar igiyar jirgi a tsakiyar layi, yawanci washegarin ranar da aka buge wani. Niyyar mai kyau ce, aikin ne ba daidai ba. Tudun da ya yi tsini, ba fenti, ba haske, shi kansa yana kayar da mai babur da dare, kuma 'yan sahu kan kauce masa ta gefe, ta kan mai tafiya. Tudun kirki mai faɗi ne, mai hawa a hankali, daga kwata zuwa kwata, da fenti mai ɗaukar ido. Idan aka yi shi da shimfiɗaɗɗen kai a ƙofar masallaci ko asibiti ko makaranta, ya zama wurin tsallakawa a lokaci guda. Wannan aikin Hukumar Raya Babban Birnin Dutse ne da ma'aikatar ayyuka, kuma kuɗin kilomita guda na sabon titi zai yi irinsa a unguwanni da yawa.

Ba roƙo ba ne ma. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa a cikin abubuwan da dole a gyara su yadda mai keken guragu da mai matsalar gani zai iya bi, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar, wanda ya cika a Janairun 2024. Gefen titin da mai keken guragu zai bi, shi ne wanda mai sanda zai bi. A inda aka riga aka yi dandamalin masu ƙafa a manyan titunan Dutse, abin da ya rage shi ne a karɓo shi daga hannun masu kasa kaya da masu ajiye motoci, a kuma rufe kwatocin da murafensu suka karye. A nan dai sai an yi ta maza, domin mai rumfar ma ɗan unguwa ne, wataƙila ma ɗan wani ɗan fanshon.

Ƙungiyoyin 'yan sahu da na 'yan acaɓa suna da abin da FRSC ba ta da shi: sun san kowane direba da sunansa da tasharsa, kuma suna iya hana shi aiki na kwana uku. Idan masu unguwanni da kwamitocin masallatai da ƙungiyar 'yan fansho suka zauna da su aka yi yarjejeniya a kan layukan cikin unguwa, za ta fi kowane allo tasiri. 'Yan fanshon Dutse ba bayin Allah marasa murya ba ne. A cikinsu akwai tsofaffin manyan sakatarori da daraktoci da injiniyoyin da suka zana waɗannan titunan da hannunsu, kuma sun san ofishin da ake kai takarda.

Shi kuma mai tafiya, akwai ɗan abin da ke hannunsa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka inda babu gefen masu ƙafa, ta hagu ake tafiya, ana fuskantar abin da ke tahowa. Da yawa daga cikin dattawanmu suna bin dama ne, abin hawa yana zuwa musu ta baya. Farar riga tana taimakawa da dare, tocila a hannu ta fi. Hajiya mai baƙin hijabi bayan Isha'i kusan ba a ganinta sai an zo dab. Aikin yanar ido kuma ɗan gajeren aiki ne da ake yi a sallami mutum, bai kamata a bar tsoho yana lalube shekara da shekaru ba. Amma duk wannan ba ya hana ɗan sahun da ya biyo hannun da ba nasa ba, kuma ba ya mayar da daƙiƙa tara ta zama huɗu.

Akwai kuma abin da ke tafe. Tsadar fetur ta sa an fara shigo da adaidaita da babura masu aiki da batir a biranen Arewa, Maiduguri na kan gaba. Suna da sauƙin kuɗi, ba hayaƙi, kuma ba su da ƙara, kamar dai motocin golf masu lantarki da tsofaffin Fulorida ke kukan ba sa jin tahowarsu ta baya. Tarayyar Turai ta ga wannan tun da wuri: daga Yulin 2021 duk sabuwar mota mai lantarki dole a sa mata na'urar da ke fitar da sauti idan tana tafiya a hankali. A yau ƙarar injin adaidaita ita ce gargaɗi na ƙarshe da dattijo mai raunin gani ke samu a layin Takur ko Fatara. Duk hukumar da za ta sayo masu batir ta raba wa matasa a Jigawa, tana iya sa sharaɗin na'urar sauti da ta ƙayyade gudu a cikin takardar kwangila tun kafin kaya su sauka.